RA'AYI: Maganin da ya mutu a takarda, a kasuwa da ransa

Yau za mu taɓo wata magana wadda ba a cika jin ta a rediyo ba, ba a kuma tada ta a wuraren taro, alhali kuwa ta shafi ƴaƴanmu da ruwan da muke sha. Maganar ita ce: magungunan nan masu sa barci ko gusar da hankali, waɗanda doka ta sa wa ido, ina suke tafiya in wa'adinsu ya ƙare, ko in an daina bukatarsu a ɗakunan bincike na jami'a?

Mai karatu zai iya cewa, to me ya haɗa jami'a da ƙwaya? Abin da ya haɗa su aiki ne, kuma aiki ne na halal. Malamin da ke gwaji a jikin ɓera ko zomo ba zai tsaga dabba tana ji tana gani ba, sai ya sa ta barci da ketamin ko diyazefam. In gwaji ya ƙare, sau da yawa da fentobarbital ake raba ta da rai domin kada ta wahala. Wanda ke son ya gane ko wata saiwa da bokayenmu ke bayarwa tana kashe ciwo da gaske, sai ya gwada ƙarfinta da na morfin ko tramadol. Wanda ke binciken ganyen farfaɗiya, da fenobarbital ko diyazefam yake kwatanta shi. Wanda aka kawo wa ƙwaya ya tantance ko mece ce, dole ya kasance yana da samfurin ta gaskiya, tsantsa, wadda zai auna da ita. A sashen kimiyyar haɗe-haɗe kuma akwai ruwaye da garuruka irin su eter, anidirid asetik da farmanganat na fotasiyom, waɗanda su kansu ba ƙwaya ba ne, amma yarjejeniyar duniya ta 1988 ta sa su cikin jerin abubuwan da ake sa wa ido, domin masu haɗa hodar ibilis da heroyin suna nemansu ruwa a jallo.

Da can jami'a ɗaya gare mu, wato Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wadda ta soma aiki tun farkon shekarun 1970. A 2010 aka kafa na Maradi, Damagaram da Tawa, waɗanda yau ke ɗauke da sunayen Dan Dicko Dankoulodo, André Salifou da Djibo Hamani. A 2014 kuma na Agadas, Dosso, Diffa da Tillaberi suka biyo baya. Yau ana koyar da aikin likita a Maradi da Damagaram, ba a Yamai kaɗai ba, ana kuma koyar da noma da kiwo da kimiyya a wurare da dama. Wannan abin farin ciki ne. To amma duk inda aka buɗe laboratuwar an buɗe wurin da irin waɗannan kaya za su shiga, kuma duk inda suka shiga sai an samu ragowa.

Ta wajen shigowa, a gaskiya akwai tsaro. Ƙasarmu ta shiga yarjejeniyoyin duniya guda uku na yaƙi da ƙwaya, ta 1961, ta 1971 da ta 1988, muna kuma da dokarmu ta gida mai lamba 99-42 ta ranar 23 ga Satumba 1999. Wanda ya taɓa neman shigo da morfin ya san yawan takardun da ake cikawa da yawan ofisoshin da ake zagawa kafin kwali ɗaya ya fito daga hannun ƴan duwan. Sai dai abin da muka lura da shi shi ne, hankalinmu duka yana ga ƙofar shiga. Ƙofar fita ba a cika damuwa da ita ba. Hausawa kuwa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da ke bayan ɗaki ta fi ta gaban ɗaki daɗewa ba a gani ba.

Yadda ragowar ke taruwa ba wani abin mamaki ba ne. Yawancin binciken da ake yi a jami'o'i irin namu da kuɗin furoje ake yin sa, na shekara biyu ko uku. Kamfanin da ke saida kayan ba ya ɓallo kwalba uku daga kwali, sai dai a sayi kwalin gaba ɗaya. Ɗalibi ya yi amfani da kashi ɗaya cikin huɗu, ya kare littafinsa gaban malamai, aka yi hotuna, ya tafi neman aiki. Furoje ya ƙare, masu ba da kuɗi suka karɓi rahotonsu suka kama gabansu. Malamin ya samu muƙami ya koma wani ofishi, ko ya tafi ƙasar waje, ko ya yi ritaya, ko rai ya yi halinsa. Kwalabe kuwa suna nan cikin akwati ko cikin firigo, kowa na wucewa yana cewa na malam wane ne, ba wanda ke taɓawa, ba kuma wanda ke ƙirgawa.

Mu da kanmu mun taɓa tsayawa a wani ɗakin bincike, ba za mu faɗi ko na ina ba ne, ranar da aka fasa wani akwatin ƙarfe da mabuɗinsa ya ɓace tun bayan tafiyar mai shi. An tarar da kwalaben allura jere, wasu takardar jikinsu ta koɗe har ba a iya karanta sunan, wasu kuma wa'adinsu ya wuce da shekaru. Ba littafi, ba wata takarda da ta nuna nawa aka saya, nawa aka yi aiki da su. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne tambayar da wani ƙaramin ma'aikaci ya yi: "To yanzu, malam, in wasu sun ɓace, ta yaya za mu sani?" Ba wanda ya amsa masa, domin ba amsa. Bayan an yi ta shawara, sai aka maida kwalaben cikin akwatin, aka sayo sabon kwaɗo. Ba mugunta ta sa aka yi haka ba. Ba wanda ya san ofishin da zai kai su, kowa kuma yana tsoron in ya ɗauka ya fita da su a ce shi ne mai kayan.

A nan ne gizo ke saƙa. Mutane da yawa, har da masu ilimi, sun ɗauka in ranar da aka buga a jikin kwalba ta wuce, maganin ya zama ruwa. Ba haka ba ne. Ranar nan iyakar lokacin da kamfani ya ɗauki alkawarin cewa maganinsa na da cikakken ƙarfi da tsabta ce kawai. A Amurka, hukumar kula da magunguna ta daɗe tana gwada tsofaffin magungunan da sojojin ƙasar ke ajiyewa. Sakamakon da aka buga a 2006, kan magunguna iri 122, ya nuna kusan kashi 88 cikin 100 na rukunan da aka gwada sun kai a ƙara musu wa'adi, da yawansu da shekaru. Kada wani ya ce mun ce a sha maganin da ya ƙare wa'adi. Waɗancan a ma'ajiya mai sanyi aka adana su, ba a ɗakin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40 ba, ga ɗaukewar wuta da ke maida firigo akwatin banza. Abin da muke nufi shi ne: ga mai bincike, kwalbar ketamin da ta wuce wa'adi ta mutu, domin ba zai iya dogara da ita ya fidda sakamako ba. Ga ɗan ƙwaya da mai saida masa kuwa, tana nan da ranta. Ba ruwansu da ko ƙarfinta ya ragu da kashi goma. Jami'a ta share ta daga lissafi a daidai lokacin da ta fi sauƙin sacewa.

Kasuwar da ke jiran irin wannan kaya kuwa ba sai an tafi nesa ba. Kowa ya ga masu tallan magani a faranti da kan teburi a tashoshin mota da bakin kasuwa. Kowa ya san ɓarnar da tramol ta yi wa samarinmu, daga ƴan kabu-kabu zuwa masu aikin ƙarfi, har ɗaliban makaranta. Maƙwabciyarmu Najeriya sai da ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018, da abin ya kai intaha. A nan gida, a watan Maris na 2021, hukumar OCRTIS ta kama tan 17 na ƙullin tabar wiwi a Yamai. In aka kwatanta da wannan, abin da ke cikin akwatunan jami'a ƙalilan ne, mun yarda. Amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone ma ido. Kayan laboratuwar ba jabu ba ne. Tsantsa ne, mafi yawansu na allura, kuma suna ajiye ne a tsakiyar dubban matasa, a ɗakin da ɗalibai da masu shara da masu gyaran wuta ke shiga suna fita. Kwalba ɗaya ta fentobarbital ta isa ta raba mutum da duniya.

In wani yana ganin mai ilimi ba zai taɓa irin wannan kaya ba, to ga abin da ya faru a jahar Masachuset ta Amurka. Gwamnatin jahar na da wani ɗakin tantance ƙwayoyin da ƴan sanda ke kamawa, wanda ke cikin harabar jami'ar garin Amas, ko da yake ba jami'ar ke tafiyar da shi ba. A watan Janairu na 2013 aka kama wata ma'aikaciyar wurin, daga baya kuma ta bayyana cewa shekara da shekaru tana shan samfuran da aka ajiye domin aune-aune, tana kuma aiki cikin maye. Abin da ya ba ta dama shi ne samfuran nan ba a bin lissafinsu yadda ya kamata. A ƙarshe kotun ƙolin jahar ta soke dubban shari'un da aka yanke bisa sakamakon wannan ɗaki. Ƙasar da ke da kuɗi da ma'aikata ke nan. Ajiyar da ba a ƙirgawa jarrabawa ce ga duk wanda ke riƙe da mabuɗi, komi digirinsa.

To in an gaji da ajiya, yaya ake yi? Hanyoyi uku ne suka fi zuwa wa mutum a rai, kuma duka ukun ba su da kyau.

Ta farko, a tuttule a magudanar wanke hannu a sakar masa ruwa. Ruwan nan ba ɓacewa yake yi ba. A garuruwanmu ramin masai yake faɗawa, ko kwata, daga nan ya tsiyaya cikin ƙasa. Mutanen Maradi daga ƙarƙashin ƙasa suke samun ruwan sha. Mutanen Damagaram sun fi kowa sanin darajar ɗigon ruwa. Jami'ar Yamai kuwa a gefen kogin Isa take, kogin da birnin ke sha daga gare shi, masunta ke kamun kifi a cikinsa, masu lambu ke ban ruwa da shi. Jami'ar da ke koya wa ɗalibai kare muhalli da safe bai dace a ce da yamma hannun wani nata ya zuba guba a kwata ba.

Ta biyu, a jefa a bola. Wanda ya san bolar garuruwanmu ya san ba kango ba ce. Yara na tonon ta suna neman ƙarfe da roba, awaki da shanu na kiwo a kanta, akwai kuma masu tsintar kwalaben magani su wanke su saida. Kwalbar gaskiya mai takardar kamfani a jikinta ita ce babbar ganimar mai yin jabun magani. Haka nan gawar dabbar da aka kashe da fentobarbital: maganin na nan cikin namanta. A Amurka an sha tsintar gaggafa da karnuka matattu bayan sun ci irin wannan mushe. A wajenmu karnuka da ungulaye ne za su fara isa gare shi, in ma ba a samu marar tsoron Allah da zai ga tunkiya ko akuya a yashe ya yi tunanin kasuwa ba.

Ta uku, a haƙa rami a bayan gini a watsa kananzir a ƙyasta ashana. Wannan ita ce mutane ke gani kamar ta fi, domin ido ya ga wuta. Amma wutar rami ba ta da zafin da zai cinye magani ƙurmus. Kwalaben allura wasu su fashe su yi tsalle, wasu su fito lafiya lau cikin toka, roba kuma ta tada hayaƙi mai guba da iska za ta kai ɗakunan kwanan ɗalibai. Tsohon eter ya fi duka haɗari, domin in ya daɗe yana haɗa wani sinadari a cikinsa wanda girgiza ko zafi kan sa ya tarwatse.

Akwai ma hanya ta huɗu da ake bi cikin kyakkyawar niyya, wato a ce kada a yi asara, a ba ɗalibai su yi gwaji da shi. Nan ma akwai gyara. Maganin barcin da ƙarfinsa ya ragu yana barin dabba ta farka ana tsakar aiki a jikinta, wannan kuwa zalunci ne da addini da ilimi duka suka hana. Sakamakon da aka samu da maganin da ba a san ƙarfinsa ba kuma ba sakamako ba ne. In aka auna saiwar gargajiya da morfin da ya raunana, saiwar za ta fito da ƙarfin da ba ta da shi, a rubuta a littafi, wani ya karanta ya gina a kai.

Bari mu duba yadda jami'o'in Amurka ke yi, ba don komi nasu ya dace da mu ba, sai don su ne suka fi tsawaita dokar wannan fanni. A can, malamin da ke son aiki da waɗannan magunguna yana karɓar lasisi daga hukumar DEA, lasisin kuma na ɗaure da sunansa da wurin da yake aiki. Dole ya ƙirga abin da ke hannunsa aƙalla sau ɗaya a shekara biyu, ya adana takardunsa na aƙalla shekara biyu, in kuma aka yi sata ya sanar cikin ranar aiki ɗaya da gano ta. Bayan dokar da majalisarsu ta yi a 2010, hukumar ta fitar da ƙa'idar lalata magunguna a 2014, wadda ginshiƙinta shi ne a maida maganin yadda ba mai iya dawo da shi ya yi amfani da shi har abada. Zubawa a masai bai cika wannan sharaɗi ba a wurinsu. Mafi yawan jami'o'i suna miƙa tsofaffin kayan ga wasu kamfanoni masu lasisin karɓa da ƙonawa. Wurin lalatawa kuma mutum biyu ke tsayawa shaida, su sa hannu a takarda mai lamba 41. Kafin a kai ga wannan, maganin da ya ƙare wa'adi ana rubuta masa alama, a ware shi gefe, amma yana nan cikin akwati mai kulle da cikin littafi, daidai da sabo. Wannan na ƙarshe shi ne darasin da ya fi muhimmanci, kuma ba ya cin ko dala.

Mun san za a ce mu ba mu da irin waɗancan kamfanoni. Gaskiya ne. Amma ba a bar talaka ba hanya ba. Lokacin yaƙin Bosniya da jim kaɗan bayansa, tsakanin 1992 da 1996, an tura wa ƙasar gudummawar magunguna tuli, daga baya aka ƙiyasta kimanin tan 17,000 daga ciki ba su da amfani, suka zama kaya a wuyan waɗanda aka ce an taimaka. Irin wannan ne ya sa hukumar lafiya ta duniya, OMS, tare da wasu ƙungiyoyi, ta fitar da jagora a 1999 kan yadda ƙasa marar ƙarfi za ta rabu da magungunan da ba a so. Jagoran ya ce magungunan da doka ta sa wa ido a lalata su ƙarƙashin kulawar masanin harhaɗa magani ko ƴan sanda, gwargwadon dokar ƙasa. Ya fifita ƙonawa a tanderu mai zafin da ya haura digiri 1200. In babu, ya kawo dabarar da kowane magini zai iya: a zuba magungunan cikin gangar ƙarfe har kashi 75 cikin 100 na cikinta, a cike sauran da kwaɓin siminti da farar ƙasa, a walde murfin, a bari ya daskare, sannan a binne a ƙasan wurin zubar da shara da aka keɓe. Ya kuma ambaci tanderun masana'antar siminti, wanda zafinsa ke kai wa digiri 1450, da sharaɗin kada maganin ya wuce kashi 5 cikin 100 na abin da ake zuba wa wutar a lokaci guda. Mu kuwa muna da masana'antar siminti a Malbaza, cikin jahar Tawa. Ya dace masana su zauna da masu masana'antar su duba ko hakan zai yiwu. Abin da jami'o'inmu takwas za su tara a shekara ba zai cika bayan mota ɗaya ba.

Saboda haka ga shawarwarinmu, muna miƙa su ga shugabannin jami'o'i, da ma'aikatar ilimi mai zurfi, da ma'aikatar lafiya.

Na farko, a yi ƙidaya. Kowace jami'a ta sa rana a buɗe kowane akwati da kowane firigo, a rubuta abin da aka gani, sabo da tsoho, mai suna da marar suna. Amma a haɗa wannan da afuwa. Malamin da ya gaji akwatin wani, ko wanda ya fito da nasa tsohon kaya da kansa cikin wa'adin da aka ɗiba, kada a tuhume shi. In aka fara da barazana, abin da zai faru mun san shi: daren da zai gabaci zuwan masu ƙidaya, komi zai bi magudanar ruwa.

Na biyu, kowace kwalba ta samu uba. A kowace tsangaya a naɗa mutum ɗaya, in son samu ne masanin harhaɗa magani ko likitan dabbobi, ya riƙe littafi mai shafuka masu lamba. Ranar shigowa, yawan abin da ya shigo, wanda ya ɗiba, abin da ya yi da shi, abin da ya rage. Akwatin ya zama mai mabuɗi biyu a hannun mutum biyu. Wannan ba zargi ba ne ga kowa, kariya ce ga mai gaskiya ranar da aka ce wani abu ya ɓace.

Na uku, kada a sallami kowa sai ya sauke kayansa. Yadda ba a ba ɗalibi takardar shaidarsa sai ya maida littattafan da ya ara, haka ya kamata malamin da zai yi ritaya ko canza wurin aiki, da ɗalibin da ya gama bincikensa, su miƙa ragowar magungunansu a rubuce kafin a sa musu hannu.

Na huɗu, kuɗin lalatawa ya shiga cikin kasafin furoje tun farko. Tun ran gini ran zane. Mai ba da kuɗin sayen maganin, na gida ne ko na waje, shi ya kamata ya biya kuɗin raba mu da ragowarsa. Kyautar da wa'adinta ya kusa ƙarewa kuma a yi godiya a ƙi karɓa. Wanda ba wa'adinsa ya ƙare ba, bukatarsa ce kawai ta ƙare, a nemi izinin hukuma a miƙa shi a rubuce ga wani ɗakin binciken da ke nema, maimakon a bar shi ya tsufa.

Na biyar, a sa rana ɗaya a shekara. Ranar 26 ga Yuni ita ce ranar yaƙi da ƙwaya ta duniya, ranar da aka saba jin jawabai. Me zai hana jami'o'i su maida ita ranar da za su miƙa tsofaffin kayansu, gaban wakilin ma'aikatar lafiya da na OCRTIS, a ƙirga, a sa hannu, kowa ya riƙe kofinsa? Muna da ma'aikatu irin su LANSPEX da ONPPC da LABOCEL waɗanda aikinsu na yau da kullum ya shafi magunguna da sinadarai, a nemi shawararsu. Abin da malamin Maradi ko na Damagaram ke bukata shi ne takarda ɗaya, gajera, da ta ce masa: ga wanda za ka kira, ga takardar da za ka cika, ga ranar da za a zo.

Sai dai muna da gargaɗi ɗaya ga mahukunta. Kada wannan magana ta zama dalilin ƙara toshe ƙofar shiga. Yankinmu na Afirka ta Yamma na cikin wuraren da morfin ya fi ƙaranci a duniya, masu ciwon daji da waɗanda suka ƙone suna kwana suna kuka saboda rashinsa. Ketamin kuma shi ne maganin barcin da ke ba likitan karkara damar yi wa mai naƙuda aiki inda babu manyan na'urori, shi ya sa OMS ta ƙi goyon bayan a sa shi cikin jerin ƙwayoyin da yarjejeniyoyin duniya suka ɗaure. Mai bincike ma yana shan wahala isasshiya kafin ya samu kayan aikinsa. In aka ƙara masa wani tarin takardu, ko dai ya bar binciken, ko ya bi ta bayan fage. Abin da muke nema shi ne hanyar fita ta zama mai sauƙi har ta fi zubawa a kwata sauƙi. Mutum ba ya ɓoye abin da ya san akwai inda za a karɓa hannu bibbiyu.

Ga malamanmu kuma, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mun san halin da kuke aiki a ciki, ɗalibai sun yi yawa, kayan aiki sun yi kaɗan, kuɗin bincike sai an yi da gaske. Amma ɗaliban da ke tsaye bayanku yau su ne gobe za su riƙe farmasin asibitocinmu da ma'ajiyar magungunan dabbobi. Abin da suka ga kuna yi da kwalbar da ta ƙare wa'adi, shi za su yi a Dakwaro da Matamai da Madawa. In sun ga littafi da shaidu biyu, za su tafi da littafi da shaidu biyu. In sun ga magudanar ruwa, ita za su tafi da ita.

Ba sai mun jira ranar da za a tsinci ɗan wani a ɗakin kwanan ɗalibai da kwalba a gefensa, sannan a kafa kwamiti a fara tambayar daga wane akwati ta fito ba. A ranar nan, in babu littafi, ba wanda zai iya amsawa, kamar yadda aka kasa amsa wa ƙaramin ma'aikacin nan. Littafi ɗaya, kwaɗo biyu, gangar ƙarfe da buhun siminti ba su fi ƙarfin kowace jami'a ba. Shugaban jami'ar da ya karanta wannan shafi, muna roƙonsa gobe da safe ya tambayi shugabannin tsangayoyinsa: akwati nawa gare mu, mene ne a ciki, wa ke riƙe da mabuɗi?

Allah ya kare mana zuriya, ya ba shugabanninmu ikon gyarawa. Amin.